Ramuka a Cikin Faranti

Rana ta kusa faɗuwa 'yata ta kira ni a waya.

"Baba, don Allah ka koma ɗakin gwaji. Na bar farantai a kan tebur, ka sa mini su a tukunyar tururi."

Na ce to. Ba na son dogon zance a waya.

Aikina a wurin wankin kwalabe ne, ita ce mai bincike. Abin da na sani na aikinta kaɗan ne. Akwai wani gari da ake samowa daga ciyawar teku, suna ce masa aga. A dafa shi, a zuba a faranti, ya huce ya daskare kamar kitse. Ƙananan halittun da ido ba ya gani, na tudu, zama kawai suke yi a kansa. Nata kuwa, da ta ɗebo daga gindin wani dutse a cikin teku, cin sa suke yi. Suna fitar da wani abu kamar yawu ya narkar da shi, su haƙa rami su zauna ciki. Wannan yawun take nema.

"Sun fi ka ci, Baba," ta taɓa ce mini.

Na ce, "Sun kuma fi ki shiru."

Idan ta gama da faranti, ni ke dafa shi har abin da ke ciki ya mutu. Ƙa'idar wurin ke nan.

Na buɗe ɗakin. Kowa ya tashi, firiji kaɗai ke gurnani. Ƙarni ya buge ni, irin na ciyawar da ruwa ya janye ya bari a rana. Ɗakin bai saba da wannan ba, warin sabulu yake yi.

Na ɗaga faranti na fari. Ramukan sun kai har ƙasa. Na biyu ya zama ruwa tsululu. Na jera su a kwando, na kunna tukunya.

Sai na ji ɗiga. Ɗis. Ɗis.

Na duba famfo. A bushe yake.

Takalmina ya jiƙe. Ruwa ne mai sanyi, yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin ajiya, inda muke tara busasshiyar ciyawa a buhuna.

Ƙofar ta buɗe a hankali.

Mace ce, doguwa, sai da ta sunkuya. Abin da na ɗauka gashi ne ashe jar ciyawa ce, tana zuba daga kanta har ƙasa. Fuskarta santsi, haske na ratsa ta kamar abin da muke zubawa a faranti. Akwai ramuka a kumatunta. Ƙanana. Suna buɗewa suna rufewa.

Na ja da baya.

"Tsoho," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Waɗanda ke cikin farantan nan masu yi mini shara ne. Su ke cinye mini abin da ya mutu. Tun da aka kwashe su gidana ke ruɓewa."

Tukunya ta fara huci.

"Kai ne mai dafa su."

Ta miƙo yatsa ta taɓa bakin rigata. Sanyi ya hau ni har ƙirji.

"Wa ya ɗebo su?"

Mutane na cewa magana a bakina sai an ciro ta da ƙugiya.

"Ba ni ba ne," na ce. "'Yata ce."

Ba ta ma matsa mini ba. Tambaya ɗaya ta yi.

Ta janye yatsan. Ta juya ga farar rigar aikin 'yata da ke rataye a bango, ta kai hanci wuyanta, ta daɗe tana sunsunawa.

Na fita da gudu, da gwiwar da likita ya hana ni hawa bene da ita. Ban waiwaya ba sai bakin titi.

Washegari ɗakin a bushe, kamar ba a yi ba.

Tun ranar, duk farantin da 'yata ta zuba ba ya daskarewa. Gari ɗaya, tukunya ɗaya. Abokin aikinta ya zuba ya kama, ita ta zuba ya kwana ruwa. Ta canza safar hannu, ta canza kwalabe. Shugabansu ya fara miƙa wa wani aikinta. Matashin kanta na wayar gari a jiƙe, uwarta na cewa kuka take yi a ɓoye. Ni na je shanya shi, na tsinci silin jar ciyawa a jiki.

Jiya ta zo ta jingina kusa da ni a wurin wanki. A kumatunta na hagu akwai ɗan rami. Ta ce ƙurji ne.

"Baba, ko ni ce na yi wani kuskure? Kai ai kana ganin komai a ɗakin nan."

Na ci gaba da cuɗa kwalbar da na riga na wanke.