Wa Ya Ja Janaretan Makarantar Malam Isiyaku?

Sufeto Rilwanu ya dawo daga masallacin Juma'a ke nan, ko takalmi bai cire ba, wayarsa ta yi ƙara. An sace janaretan makarantar Malam Isiyaku da ke Hayin Banki, kuma jama'a sun tare wani mutum suna duka.

Saje Mairo ce ta tuƙa motar sintiri. Da suka isa, sai da suka kutsa cikin taro kafin su ga mutumin. Yana zaune a ƙasa, rigarsa a yage, leɓensa ya fashe.

"Waye wannan?" in ji Sufeto.

Wani matashi mai farar shadda ya matso. "Yallaɓai, sunana Nazifi, ni ne babban ɗan Malam. Wannan Ila ne, direba, Bazamfare. Shi ya jawo mana janaretan nan ranar da aka kawo shi. Duk unguwar nan babu motar da za ta iya jansa sai tasa. Kuma an ga farar a-kori-kura ta fita da shi lokacin da muke masallaci."

"Ƙarya a kai min, yallaɓai," in ji Ila. "Ina masallaci."

"Wane sahu?" wani ya yi ihu daga baya. "Babu wanda ya gan ka!"

Malam Isiyaku, dattijo mai farin gemu, yana tsaye a bakin ƙofa yana ta ba mutane haƙuri, ba mai saurarensa. Ya yi wa Sufeto bayani cewa janaretan babba ne, a kan tirela mai taya biyu yake. Wani Alhaji ne ya ba da shi sadaka, da shi ake tayar da famfon rijiyar burtsatse da ɗalibai da matan unguwa ke ɗiban ruwa.

Sufeto ya dubi taron, ya dubi Ila. Ya ce a sa masa ankwa. Mutane suka yi sowa.

Kafin ya shiga mota ya leƙa rumfar da janaretan yake. Tun daga nan har ƙofar makaranta akwai wani dogon zane a ƙasa, kamar an ja garma. Ya gani, ya wuce.

A ofis aka kai Ila bayan kanta. Aka kawo motarsa aka ajiye a harabar. Sufeto Rilwanu ya daɗe a sashen kula da motoci kafin a dawo da shi binciken laifuka, don haka da ya fito shan iska sai ya zagaya motar, ya buɗe bonet.

Injin gas ne mai turbo, da ƙaton lagireto. Ya koma baya ya durƙusa. Akwai ƙugiyar jan kaya mai kauri, an ɗaure ta da manyan notuna a jikin shasi, wato ƙashin bayan motar, ba a jikin bamba ba. An ƙara sifirin a ƙafafun baya. Har soket ɗin wayar fitilar tirela akwai.



"Mairo, zo ki gani. In aka maƙala bakin tirela a ƙugiyar nan, zai taɓa ƙasa?"

"A'a, yallaɓai. Ai ta kai gwiwata."

"To me ya yi zanen can na makaranta?"

 Sufeto bai jira amsa ba. Ya sa aka fito da Ila.

"Ba ka je masallaci ba," in ji Sufeto. "Ina ka je?"

Ila ya sunkuyar da kai. 

"Yallaɓai, bulo ni kai Abakpa, gidan wata Hajiya Delu. Na ce in sauke in dawo, lebura bai zo ba, ni kaɗai ni sauke. Har aka tada salla ina nan."

"Me ya hana ka faɗa tun a can?"

"A gaban Malam? Shi ka koya min karatu da asuba. In buɗe baki in ce na bar Juma'a saboda bulo?"

Saje Mairo ta kira Hajiyar a waya. Ta ce ƙwarai, har ruwa ta ba shi, kuma ta ji lokacin da liman ya yi sallama, Ila yana tsakar gidanta.

Kunya ta kama Sufeto. Ya ce a ba Ila kujera da ruwan wanke fuska, ya ɗauki hularsa.

Suka koma Hayin Banki. Wadda ta ga motar wata tsohuwa ce mai suya awara a kwanar layin, sunanta Harira.

"Iya, kin ga direban?"

"Ina fa, ɗan nan. Gilashi a rufe, idona kuma ba kamar da ba. Amma motar ta ba ni tausayi."

"Tausayi kamar yaya?"

"Kuka take ta yi, ba ta tafiya. Gabanta ya ɗaga, bayanta ya zauna. Da ta zo hawan can sai ta tsaya, ta dawo da baya, na ce yau za ta shigo min kasko. Ga wani ƙauri kamar an ƙona gashi."

"Kin taɓa ganin motar Ila tana jan kaya?"

"Kullum. Ai ita gurnani take, ta wuce abinta."

Suka bi zanen da ƙafa. A kan hawan ya yi zurfi, gefensa kuma ga shatin ruwa mai tsatsa da ya zuba ya bushe. Can gaba kaɗan zanen ya karkata ya shiga wani kango da ciyawa ta cinye.

Janaretan yana ciki, an lulluɓe shi da tsohon tamfol. A bakin tirelar akwai guntuwar sarƙa, duk ta goge da farin fenti.

"Ɓarawo ya gudu ya bar kaya," in ji Saje Mairo.

"Motar ce ta gaza. Nan ƙarfinta ya ƙare."

Sufeto ya buɗe murfin janaretan, ya zaro sandar auna baƙin mai. A bushe take ƙayau. Ya sa hannu ya gwada juya injin, ko motsi bai yi ba.

"Injin ya buga," ya ce. "Kuma ba yau ba. Mairo, wa zai kashe motarsa don ya saci mushe?"

Da suka fito suka tambayi matan da ke dawowa da jarkoki daga wata unguwa. Suka ce ai famfon makaranta ya kwana biyu ba ruwa. Nazifi ya ce musu gas ne ya ƙare.

"Nazifi yana da mota?"

"Yana da ita mana. Fara, mai buɗaɗɗen baya, irin ta 'yan gayu."

Sun same shi a makaranta, yana zaune kusa da mahaifinsa a kan tabarma, mutane na ta shigowa jaje.

"Malam Nazifi, ina motarka?" in ji Sufeto.

"Tana Kurmin Mashi, wajen bakanike. Tun Laraba na kai ta juyen mai."

"Bari mu je mu gaishe ta."

Murmushin Nazifi ya ɗauke. Malam Isiyaku ya dubi ɗansa, sannan ya jawo sandarsa ya ce shi ma zai je.

A garejin, bakaniken, wani mai suna Ashiru, ya fito yana goge hannu da tsumma.

"Yaushe aka kawo motar nan?"

Ashiru ya saci kallon Nazifi. "Tun... yallaɓai, gaskiya ɗazu ne bayan Juma'a. Jawo ta ma aka yi."

Sufeto ya buɗe bonet. Ƙaramin injin fetur ne mai silinda huɗu. Tiyon lagireto ya fashe. Ƙaurin kuloci har yanzu bai bar motar ba. A baya babu ƙugiya ko ɗaya. Bambar ta lanƙwashe ta yo waje, fentin tsakiyarta ya kankare daidai faɗin sarƙa.

Saje Mairo ta ɗora guntuwar sarƙar a wurin. Ta zauna daram.

"A ido motarka da ta Ila iri ɗaya ne," in ji Sufeto. "Amma tasa an yi ta ne don jan nauyi. Taka ta ɗaukar buhu biyu-uku ce da zuwa ɗaurin aure. Ka ɗaura mata abin da ya kusa nauyinta a bamba, bakin tirela ya faɗi yana noma ƙasa, kuloci ya ƙone, ruwa ya tafasa. Tun daga makaranta har kango motarka take ba da shaida a kanka."

"Yallaɓai, wataƙila wani ne ya ɗauki makullin..."

"Nazifi." Muryar Malam Isiyaku ce, a hankali. "Dube ni."

Nazifi bai iya ba. Ya jingina da motar, ya zame har ƙasa.

"Baba, ni ne."

Ya ci gaba, kansa a ƙasa.

"Ka ce in riƙa duba mai, ina ce maka na duba, ban duba ba. Ranar walimar abokina na ja wayar wuta daga janaretan zuwa gidansu, ya wuni yana aiki. Sai na ji ƙara, ya tsaya. Gobe Alhaji zai zo da baƙi su ga rijiyar. Na kasa faɗa maka. Na ce in an ce sace shi aka yi, ba wanda zai san ni na kashe shi."

"Ila fa?" in ji Malam.

"Da mutane suka fara tambaya, sai bakina ya faɗi sunansa. Ban zaci za su taɓa shi ba."

"Kana tsaye suka taɓa shi. Ina ganinka."

Malam Isiyaku ya juya baya, ya sa gefen rawaninsa ya rufe fuska.  Ashiru ya koma cikin shago ya bar musu wurin.

A ofis, Sufeto da kansa ya miƙa wa Ila makullin motarsa. Ya yi ta neman abin da zai kalla a kan tebur.

"Malam Ila, ni na sa maka ankwa a gaban jama'a ban tambaye ka komai ba. Ka yafe ni."

"Ba komai, yallaɓai." Ila ya juya makullin a hannunsa. "Amma ku nan kun sani. Mutanen unguwa fa? Matata na can, ta kasa fitowa ko ƙofar gida. Wa za ya sake ba ni kaya?"



"Ni zan faɗa musu," in ji Malam Isiyaku daga bakin ƙofa. "Sufeto, ina roƙon alfarma ɗaya. Ku biya da shi ta unguwa kafin ku rufe shi."

"Allah ya gafarta Malam, ba dole ba ne."

"Dole ne."

Ana gab da kiran magariba motar sintiri ta tsaya a ƙofar makarantar, Nazifi a baya tsakanin 'yan sanda biyu, kansa a cikin gwiwa. Mutanen da suka yi sowa ɗazu suka fara taruwa. Malam Isiyaku ya shiga masallaci, ya karɓi lasifika daga hannun ladan.

"Jama'a, salamu alaikum. Isiyaku ne. Ila bai ɗauki komai ba. Wanda ya ɗauki janareta, ya kuma yi masa ƙazafi, ɗana ne Nazifi. Duk wanda hannunsa ya taɓa bawan Allahn nan, ya same ni a ƙofar gidansa bayan salla. Ni zan fara durƙusawa."

 Wasu suka fara zamewa, wasu suka tsaya suna kallon ƙasa.

Sufeto Rilwanu ya taɓa kafaɗar Saje Mairo. Ta tayar da mota, suka tafi da Nazifi.