Takardar Mai Walda

"Ba zan rubuta ba."

Malama ta mayar masa da biron kamar ya ƙone mata yatsa.

Mai Walda ya tsaya riƙe da tallar da ya yago daga jarida. Wani kamfanin haɗa tankokin ruwa ne a gari mai nisa ke neman gwanin walda, kuma sai da takardar neman aiki. Shi dai a ba shi ƙarfe ya lanƙwasa, amma biro ya fi ƙarfinsa. Ga wadda zai aura, wadda a da duk unguwa ke sallama a ƙofarta saboda irin wannan takarda, ta ce a'a.

"Haba zuciyata..."

"Don Allah ka bar ni."

Ya san dalili, kowa ma ya sani. Ita ta rubuta wa mijinta na fari tasa. Ta yi kyau har aka kira shi ganawa, ya shiga motar safe da sabuwar riga, gawarsa aka dawo da ita. Tun daga ranar, in ta ɗora biro za ta rubuta "Zuwa ga Manaja", sai ta ji shi tsaye a bayanta, yana leƙowa ta kafaɗarta yana dariya, yana cewa ta ƙara masa gishiri kaɗan.

Bakin mutane kuma bai bar ta ba. Mahaifiyar Mai Walda ta faɗa gaban mata cewa hannun yarinyar nan ba alheri, in ta taɓa takardar ɗanta to maganar aure ta mutu. Sai ga 'yar ƙanwar mahaifiyar tasa, wadda ta daɗe da ɗora ido a kansa, ta ce ita za ta rubuta. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Shi kuwa, da yake ba ya iya ɓoye mata komai, ya kawo wa Malama ta duba. Ta karanta, ranta ya ɓaci. Daga waya aka kwafo ta, har sunan wani kamfani daban aka manta a ciki. Sauran duk roƙo ne: a taimaka masa, a dubi Allah, yana da tsohuwa.

"Wannan ba kai ba ne," ta ce. "Maroƙi ne. Zauna."

Haka take aikinta tun can, ba ta sa biro sai mutum ya gaya mata abin da hannunsa ya yi. Ya ba ta labarin tankin makarantar unguwa da ya haɗa, wanda har yau bai ɗiga ba, da yaran da ya koya wa sana'a suka buɗe shagunansu. Ta tambaye shi me ya sa wannan kamfanin ba wani ba. Ta rubuta shafi ɗaya, babu roƙo, babu ƙari. Bayanta ya yi sanyi tun daga layin farko, amma ba ta waiwaya ba.

Aka kira shi.

Ranar tafiyar ta kasa riƙe alli a aji, ta dawo gida. Azahar ta wuce, wayarsa a kashe. La'asar ta wuce, a kashe. Duk motar da ta tsaya a titi sai ta kasa kunne, tana jiran irin waccan sallamar ta maza masu sunkuyar da kai.

Sallamar da ta zo ta mahaifiyarsa ce. Ta ji Malama ce ta yi rubutun, ta zo da faɗa cike da baki. Amma ta tarar da Malama a ƙasa, jingine da ƙafar gado, leɓɓanta sun bushe, tana kiran lambar da ba ta shiga. Tsohuwar ta daɗe tsaye. Sannan ta cire takalmi ta zauna kusa da ita.

Gab da magariba aka ɗaga labule.

"Caji ne ya ƙare mini," ya ce, yana duban su biyun da mamaki. "Sun ɗauke ni fa! Manajan har ya karanta wa na kusa da shi takardar..."

Ba wadda ta saurari sauran. Malama ta kifa kai a gwiwa ta saki kukan da ta yini tana haɗiyewa.

Tsohuwar ta share nata idon da bakin mayafi, ta dafa mata baya.

"Ya isa haka, 'yata. Tashi ki ba mijinki ruwa."