Kafin Injin Ya Huce

Rahoton ya iso caji ofis da rana tsaka, ana ruwan sama. Mota ta buge wata malamar makaranta a kwanar bayan kasuwa, ta gudu. Kafin Sufeto ya gano inda aka jefa lemarsa, waya ta biyu ta shigo. Malamar ta cika a asibiti.

Likita ya faɗa masa abin da likitoci suka saba faɗa bayan komai ya wuce, wai da an kawo ta da wuri da ta rayu. Jini ne ya ƙare mata a bakin titi, jama'a na tsaye a kanta, kowa na jiran wani ya fara. Sufeto ya taɓa jin irin wannan magana a barandar wannan asibitin game da tasa matar.

Mijin yana zaune a benci, wani tela siriri, riƙe da takalminta ƙafa ɗaya. Sufeto bai ce masa ya yi haƙuri ba. Ya san za a ba shi wannan har ya ƙoshi.

A kwanar, mai facin taya ne kaɗai ya yarda yana da ido.

"Farar jif ce, yallaɓai, mai ja da ƙafa huɗu, ta ɗan kwangilar nan mai haƙa rijiyoyi. Ni nake ba ta iska."

"Wa ke tuƙi?"

"Gilashi a rufe, ga ruwa. Amma kukanta ya canza. Jiya ta wuce nan salin-alin. Yau kuwa fito take kamar butar shayi ta tafasa. Da ta ja baya ta sake figa, dubi abin da ta bari."

Ya nuna bangon kantin magani. A ƙarƙashin rumfa, inda ruwa bai kai ba, akwai baƙin tabo mai faɗin faranti, daidai tsayin salansa. Sufeto ya shafa, yatsansa ya fito baƙi ƙirin.

Kafin ya isa gidan ɗan kwangilar, an riga an gama masa aikinsa. Maigidan ya kira 'yan sanda da kansa, ya miƙa direbansa, Saje ya kai shi bayan kanta. Masu hali ba sa son bincike ya daɗe a ƙofar gidansu.

Jif ɗin tana tsakar gida, a gindin tagar wani ɗaki, bambarta ta hagu a lotse.

"Ina wurin aiki, matata tana shagonta," in ji ɗan kwangilar, yana ta goge gilashin idonsa. "Direba kaɗai na bari da mota. Yaron nan na riƙe shi kamar ɗana."

"Ɗanka ka miƙa da sauri haka? Wa ya taɓa injin?"

"Babu wanda ya taɓa. Sabuwar mota ce, tana cikin garanti."

Sufeto ya sa aka ɗaga bonet. Shi ba makanike ba ne, amma ba sai an yi karatun inji ake gane abin da aka yanke ba. A jikin famfon da ke tura dizal akwai wata siririyar waya mai hatimin darma, tana lilo, an datse ta. Notin da take tsarewa yana ƙyalli a tsakiyar ƙura.

"Ɓeraye ne suka yi wannan? Da sifana?"

Ɗan kwangilar ya mayar da gilashinsa. Ya ce, to, gaskiya motar ba ta jan injin haƙa a yashi yadda yake so. Ƙanin matarsa makaniken dizal ne, shi ake kira Mai Kunne, ya ɗan buɗe mata mai. Ya ɓoye ne don kada kamfani ya ji ya janye garanti.

"Yaushe ya buɗe?"

"Makon jiya."

Sufeto ya tuna mai faci da motar da ta wuce jiya salin-alin. Ya gyaɗa kai kamar ya yarda.

Yana shirin fita sai tari ya tsayar da shi, daga tagar da motar ke gindinta.

"Wane ne a nan? Ɗan sanda ne? Zo, ɗan nan, ina da ƙara."

Mahaifiyar maigidan ce, tsohuwa mai yanar ido, zaune a kan gado da kwalaben magani jere a gefenta. Sufeto ya rusuna ya gaishe ta.

"Iya, kin ga wanda ya shigo da mota ɗazu?"

"Da wane idon? Ni ƙarata a kan hayaƙi ce. Na ce su daina ajiye mini wannan dodon a bakin taga, an mai da ni rediyo. Yaron nan direba dai yana da tausayi, yana tsayawa yake kashe ta, ƙit, kamar an tsinke zare. Yau kuwa aka shigo da ita aka bar ta tana gurnani. Na yi kira, shiru. Na laluba na sha maganin tari, na nemo ɗankwali na toshe hanci, na zagi mai tuƙin, na zagi wanda ya saya, wato ɗana, duk tana yi. Sai da na gaji sannan aka kashe."

"Kin ji muryar wani?"

"Na ji an ja ƙofar gida a hankali. Ka rubuta ƙarata ko ba ka rubuta ba?"

"Na rubuta, Iya."

"Ƙarya kake, ban ji ƙarar biro ba."

A ofis, shugaban caji ofis ya riga ya ƙosa. Malamai sun yi cincirindo a bakin ƙofa, kuma akwai mutum a hannu. Ya ce gobe a kai direba kotu, a huta. Sufeto ya roƙi a bar masa shi zuwa goben da yamma. Aka ba shi, ana tsaki.

Direban matashi ne mai sabon aure, idonsa ya yi ja.

"Ina kake lokacin da ake ruwa?"

"Barci nake a ɗakin bakin ƙofa, ranka ya daɗe."

"Da wannan rigar? Ka yi mata guga, ka fesa turare, sannan ka kwanta? Matarka ta yi dace."

Direban ya sunkuyar da kai. A ƙarshe ya ce ya saci jiki ne ya tafi neman aiki wani kamfani, ya rataye makulli a ƙusar kicin inda aka saba. Bai so maigida ya ji ba. Da ruwa ya kama shi, ya fake a wata rumfa, ba wanda ya san shi a can. Da ya dawo ya tarar da mota a inda ya bar ta, sai dai bonet da ɗumi.

"Wallahi ban buge kowa ba."

"Kowa haka yake cewa. Wa ya san ƙusar kicin?"

"Duk ɗan gida."

Saje ya je kamfanin. Sun ce ya zo da safe ya tafi. Wannan bai wanke shi ba, bai kuma ƙara masa datti ba.

Washegari Sufeto ya tafi garejin Mai Kunne. Wuri ne mai tsabta fiye da ɗakin jiran asibitin jiya. Sifanu a rataye bisa girmansu, famfunan mai a kan tebur an lulluɓe su da farin ƙyalle. Mai wurin yana jingine da wata jif, ya ɗora bakin sukundireba a kan inji, ƙotar a kunnensa, idonsa a rufe. Ya ɗaga wa Sufeto hannu ya jira. Sai da ya gama saurare ya juyo.

"Sannu da zuwa, yallaɓai. Na ji abin da ya faru. Allah ya jiƙanta."

"Amin. Kai ka buɗe wa motar mijin yayarka mai?"

"Ni ne. Makon jiya."

"Jiya fa?"

"Ina nan tun safe. Ruwa ya hana ni ko leƙa titi."

"Ni ban san kan dizal ba. In an buɗe mai, me ke faruwa?"

Fuskar Mai Kunne ta saki. Babu makaniken da ke tsoron tambayar da ta ba shi damar koyarwa.

"Ƙarfi ne ke ƙaruwa. Ka taɓa totur kaɗan, ta zabura. Da farko za ta yi hayaƙi, sai an fita da ita titi an saurara, a rage, a ƙara, har mai da iska su daidaita. Wasu na'ura suke jonawa. Ni kunnena ya ishe ni."

"Wato ba a barin ta da hayaƙi."

"Ni? Motar da ta fita daga hannuna ko farar riga ka tara a salansa ba za ta ɓaci ba."

Sufeto ya dubi yatsansa, wanda sabulu bai gama fitar da baƙinsa ba.

"To direban nan, ya hannunsa yake?"

"Jaki ne, yallaɓai, ka yafe ni. Wannan mota tana da turbo, wata 'yar fanka ce da ke cusa wa inji iska, tana juyawa har ta yi ja don zafi. In ka dawo daga gudu, dole ka bar inji yana silo, yana aiki a hankali, baƙin mai ya zagaya ya sanyaya ta. In ka kashe nan take, man ya ƙone a ciki, ka kashe turbo. Na faɗa masa har bakina ya gaji. Yana tsayawa, ƙit! Kamar ana korarsa. Irinsu ne ke buge mutane."

"Kai ba ka taɓa yin haka ba?"

"Ko gidanmu ke cin wuta."

Sufeto ya yi masa godiya. Ya ce akwai ɗan taimako da yake nema: za a gwada motar a filin caji ofis da yamma, ana son wanda ya san ta ya duba ko birkinta na da laifi. Mai Kunne ya ce ai wannan ba komai.

Da yamma aka fito da direba daga bayan kanta. Ɗan kwangilar yana tsaye a inuwa. Telan ma ya zo, ba wanda ya kira shi, ya zauna a kan dakali.

Sufeto ya miƙa wa direba makulli. "Zagaya filin da gudu, ka dawo ka ajiye ta a nan."

Motar ta zabura har direban ya kusa cin katanga, baƙin hayaƙi ya turnuƙe filin. Ya dawo, ya taka birki, ya murɗa makulli. Ƙit.

"Ka gani ko!" in ji Mai Kunne. "Ka ga abin da nake faɗa!"

"Na gani. Na kuma ga hayaƙi. Mako guda a hannunka, ba ka daidaita ta ba?"

"Wataƙila ya taɓa wani abu."

"Wataƙila. Hau ka ji mana birkin."

Mai Kunne ya hau. Motar ta bi hannunsa lafiya lau, kamar ta san shi. Ya zagaya, ya gwada birki, ya dawo ya tsaya. Ya ɗora yatsu a kan makulli, bai murɗa ba. Ya karkatar da kai yana saurare.

Sufeto ya jingina da tagar motar. Ya bar injin ya yi ta gurnani.

"Haka ka yi jiya a gindin tagar tsohuwa," ya ce a hankali. "Ba ta gani, amma tana ji, tana kuma tari. Jiya ka buɗe man, ba makon jiya ba. Ka ɗauki makulli a ƙusar kicin, ka fita gwaji cikin ruwa, kunnenka yana kan inji."

Mai Kunne ya dubi mijin yayarsa. Ɗan kwangilar ya cire gilashi ya shiga gogewa.

"Ni dai abin da matata ta ce in faɗa na faɗa," ya ce ƙasa-ƙasa.

Kafaɗun Mai Kunne suka zube.

"Wani ɗan ƙara nake ji a ƙasan fiton," ya ce. "Na sunkuya in ji daga ina yake. Da na ɗago, ga ta a gabana da lema. Na ja baya, na gan ta tana motsi. Na ce ai mutane za su ɗauke ta. Tsoro ne, yallaɓai. Ban san lokacin da na isa gidan ba. Kaina ba ya jikina."

"Kanka yana jikinka. Ka tuna da turbo." Sufeto ya buɗe masa ƙofa. "Daga kwanar kasuwa zuwa asibiti bai kai zaman da ka yi kana jiran ƙarfe ya huce ba. Likita ya ce abin da ta buƙata ke nan."

Telan ya miƙe daga kan dakali. Bai yi ihu ba, bai zagi kowa ba. Ya zo ya dubi fuskar Mai Kunne sosai, kamar mai ɗaukar awo, sannan ya juya ya fita.

Sufeto ya ce wa direba ya je ya karɓi ɗamararsa da takalmansa a kanta, ya tafi gida. Ya ce wa ɗan kwangilar kada ya yi nisa, shi da matarsa, akwai maganar makon jiya.

Saje ya ɗaura wa Mai Kunne ankwa ya ja shi. Sun kusa ƙofar ofis sai ya waiwayo. Injin yana nan yana silo.

"Yallaɓai, a ɗan ƙara mata kaɗan. Ba ta gama hucewa ba."

Sufeto ya zura hannu ta taga, ya murɗa makullin.