Shafin da Ya Tambayi Sunan Uwa

Motar Nguru ta sauke Gumsu a Gashua rana ta yi ja, ga shi ranar ce za a rufe rajistar sabbin ɗalibai. In ta wuce, gurbinta ya tafi. Ta tarar da Yuguda mai kafe yana lulluɓe kwamfutoci da zane.

"Ba na aiki da magariba, ƙanwata. Gefen kogi ne nan."

"Don Allah Yaya, minti biyar."

Yuguda mutum ne da hawayen mace ke narkar da shi kamar man shanu. Ya yaye mata ta lungu, ya fita alwala.

Shagon na warin hayaƙin janareto da tattasai. Ta fara cika shafin rajista, sai ya sandare. Wani ɗan akwati ya fito: shafi ya ƙi amsawa, a jira ko a rufe?

"Yaya, ta maƙale!"

"Rufe sauran shafukan," ya ce daga waje. "In ta ƙi, rufe shi gaba ɗaya ki sake buɗewa."

Ta rufe sauran. Akwatin ya dawo. Tsoron kada abin da ta rubuta ya goge ya sa ta danna a jira.

Fanka ta tsaya. Warin danshi ya cika ɗakin, irin na laka in kogi ya janye. Shafin ya motsa, ya kawo sabon layi: sunan mahaifiya.

Ita da ko a gida ba ta iya furta sunan Inna, amma ai takardar makaranta ce. Ta rubuta Fanne.

Kujerar kusa da ita ta yi ƙara, kamar an zauna.

"Yaya," ta ce da raɗa, "na sa sunan uwa, me ya rage?"

Buta ta faɗi a waje.

"Rajista ba ta tambayar sunan uwa. Masu kiranye ke tambaya. Taso!"

Ta ƙura wa kwamfutar ido. Maɓallan na lotsawa da kansu, kas, kas, a jiƙe. Numfashi mai sanyi ya sauka a wuyanta, wata murya ta gwada kiran Gumsu a hankali, tana gyara shi.

Yuguda ya faɗo ɗakin, ya fizge wayar wuta daga bango.

Allon bai mutu ba.

Ya damƙi mayafinta yana a'uziyya, ya ja ta waje. Can aka kira salla.

Washegari wani ya duba mata a wayarsa: rajista ta kammala, har da hoto. Fuskarta ce, sai dai mayafin a jiƙe yake sharkaf.

Yuguda ya tashi daga wannan shago. Gumsu ta shiga aji, amma mako guda kawai ta iya yi. Duk sanda malami ya kira sunanta, kafin ta buɗe baki sai a amsa daga kujerar baya, shi kuma ya ci gaba da kiran na gaba.