Moɗa Mai Jan Zare

Ranar da Malam Manga ya fara ganin Hanifa, a guje ta shigo makarantarsu ta Majidaɗi, takalmi a hannu. Ƙanwarta Mero ce farfaɗiya ta kayar a aji. Yara duk sun watse, wai kada yawunta ya taɓa su. Shi kaɗai ya durƙusa, ya juya ta gefe, ya tallafe mata kai da hularsa.

"Malam, ba ka tsoro?" in ji Hanifa tana haki.

"Tsoron me? Ba a ɗauka. Ta dai riƙa shan maganinta."

Ai kuwa kullum aka fita tara sai ga Hanifa da magani, an sha kwalli. Wai don Mero.

Iyayen yara suka matsa a kori Mero. Hedimasta ya raba gardama: ta zauna, amma a ware mata moɗa a bakin randa. Aka ɗaura wa moɗar jan zare. Kunya ta hana Mero shan ruwa, har ta ce ta bar karatun.

Washegari Manga ya ɗauki moɗar a gaban kowa, ya sha, ya miƙa mata. Bai ƙara sha da wata ba.

"Malamina, za ka sa ni kuka," Hanifa ta ce da ya je zance.

"Adana hawayen, Hanina, sai ranar kai amarya."

Amma Dada, mahaifiyarsa, ta ce sam. "Gidan masu faɗuwa? Ka kwaso mana ciwo? Ba da ni ba!"

Har ta taso daga Sunkani takanas don ta ja masa kunne. Ta iske shi a bakin randa da moɗar a baki, yara na layi a bayansa, kowa moɗar yake jira.

"Ta yarinyar ce? Tun yaushe kake sha da ita?"

"Tun bara, Dada."

Ta ƙare masa kallo. Garau yake, har kumatu ya yi. Ta juya ga Mero da ke raɓe jikin bango.

"Ke 'yar nan, ba ki ga baƙuwa ba? Ɗebo min ruwa. Da wannan ɗin."

Ta shanye tas.

Bayan girbi aka ɗaura aure, Mero kuma ta wuce sakandare. Masu ganin ɗaki suka yi ta tambayar me tsohuwar moɗa ke yi a tsakiyar jeren amarya.

"Ni na sa ta," in ji Dada. "Allah ya yi musu albarka. Wa ke jin ƙishirwa?"