Injin Gugguru na Tsohuwar Silima

Ku matso kusa. Ke Tabawa, rage murya.

Kun san Kawu Haladu mai gyaran rediyo, wanda yanzu sai an ɗauko shi a zaunar a zaure? Da ƙato ne. Ni na san shi da tumbinsa.

Ba abin da yake so kamar tsofaffin injinan wasan gem, irin na tsaye masu sanda da maɓalli. Sai wani direba ya ba shi labarin wani injin a tsohuwar silimar bayan tasha, wadda aka rufe tun ba a haife mu ba. Wai in ka ci wasan, gugguru yake zubo maka, da zafinsa.

Ran wata Laraba, rana tsaka, ya tafi. Shi kaɗai.

Ƙofa a buɗe. Ciki sanyi kamar randa. Can a lungu injin yana haske. Gefensa wani dattijo zaune, ya rufe ƙafafunsa da buhu.

"Salamu alaikum, Baba."

Bai amsa sallamar ba. Ya ce, "Ka zo wasa." Bakinsa ne ya motsa, amma daga cikin injin muryar ta fito.

Kawu ya leƙa bayan injin. Wayar wuta na ƙasa, ɓera ya gutsure ta. Nan ya kamata ya gudu. Amma ƙamshin gugguru ya riƙe shi.

Ya kama sanda. Bugu ɗaya ya ci. Gugguru ya zubo masa a tafi.

"Ci," in ji dattijon.

Ya watsa a baki, ba bisimilla. Dattijon ya miƙe. Buhu ya zame. Kofato.

Kawu bai san yadda ya iso gida ba. Matarsa Sahura ta kawo masa tuwo. Loma ɗaya ya tofar.

"Toka kika zuba?"

"Wace toka, Malam?"

Tun ranar komai toka ne a bakinsa. Nama, fura, har zuma. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an je asibiti. Ya koma don ya roƙi dattijon, ya tarar da ƙofar a toshe da bulo, har gansakuka ta fito a jiki.

Jiya na kai masa kunu. Ya kama hannuna, yatsunsa kamar kara.

"Lantana, kin ji ƙamshin?"

"A'a, Kawu."

"Yana matsowa."

Saboda haka in an aike ku tasha, ku bi titi, ku biyu ko uku. Kada wanda ya yanke ta bayan silima shi kaɗai, ko da rana ce.