Ruwan Wankan Kumatu

Yaya ce ta aike ni mota in ɗauko jakar kayan Kumatu. Rana ta riga ta faɗa bayan itatuwa, saura ɗan ja-ja a kan tafkin da ke gaban gidan da muka sauka. A ƙasar da muke karatu, lokacin sanyi magariba ba ta jiran kowa.

Hutun ƙarshen mako muka zo bayan jarrabawa: ni, da Yaya mai yin digirinta na uku, da jaririyarta da muke ce wa Kumatu, sai ɗan kawunmu Farfesa. Ba farfesan komai ba ne, shekararsa ta biyu a jami'a, amma babu abin da za ki faɗa bai riga ki sani ba. Shi ya samo gidan hayar a waya, shi ya tuƙo mu, kuma tun daga hanya yake yi mana lacca. Da akwai wani mai lasisin tuƙi a cikinmu, wallahi da ba a zo da shi ba.

Gidan katako ne, shi kaɗai a bakin ruwa, yana warin danshi da tsohuwar toka. Wurin wanke-wanke na kicin a toshe muka same shi. Don haka da Farfesa ya gama dafa kwalaben madarar Kumatu, sai ya ɗauki tukunyar tana tafarfasa, ya buɗe ƙofar baya, ya watsa ruwan ƙarƙashin matakala.

"Ruwan zafi da magariba?" in ji Yaya. "Ka ko yi bismilla?"

"Haba Yaya, nan fa ba gida ba ne. Ko aljanun ma biza aka ba su suka biyo mu?"

Ya yi dariyarsa mai ban haushi. Na harare shi na fita, don in na tsaya sai mun yi.

Na ɗauko jakar, na rufe mota. Da zan dawo sai na bi ta baya don ta fi kusa. Ganyaye suna ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmina. Iska ta tsaya cik. Ko tsuntsu ɗaya babu.

Sai na ji kukan jariri.

Na ɗauka Kumatu ce. Na ɗaga kai, ta tagar falo na hango ta a cinyar Yaya, ana cire mata riga, tana ta wutsil-wutsil da ƙafa tana dariya. Ga robar wankanta a ƙasa. Kukan ba daga ciki yake fitowa ba.

Daga ƙarƙashin matakala yake fitowa. Siriri, a shaƙe, irin na wanda ya yi kuka har muryarsa ta ƙare.

Inda ruwan ya zuba har yanzu turiri yake yi. A sanyin nan da ke daskarar da yatsu, ya kamata a ce tuni ya huce. Wani ƙauri ya bugi hancina, kamar ana babbaka.

Wani abu ya motsa a cikin duhun.

Mace ce. Ta fito da rarrafe, ta fara miƙewa. Ta yi ta miƙewa. Sai da kanta ya kai bakin rufin gidan. Tana rungume da wani abu a tsumma, tana jijjiga shi a hankali. Ban ga fuskarta ba, kuma har gobe ina gode wa Allah da ban gani ba.

"Barci yake yi," ta ce ƙasa-ƙasa.

Da muryar Yaya ta yi maganar. Muryar Yaya sak.

"Barci yake yi a wurinsa. Kun zo gidan mutane. Babu sallama, babu gargaɗi."

Na buɗe baki in ba da haƙuri. Harshena ya yi nauyi. Ayatul Kursiyyun da na haddace tun ina ƙarama ta watse a kaina.

Ta ɗan buɗe tsumman. Na ga hannu ɗan mitsitsi, fatar ta saluɓe.

"Wanda ya zuba ba shi da ɗa," ta ce. "Amma ku kuna da ita."

Ta juya kanta wajen tagar.

Na yar da jakar.

Ban san yadda na wuce ta gefenta ba. Na dai san wani zafi ya dake ni kamar na gifta bakin murhu. Na banke ƙofa. Kicin. Lungu. Falo.

Yaya tana durƙushe, ta tsoma gwiwar hannunta a robar, ta gyaɗa kai.

"Ya yi daidai," ta ce wa Kumatu. "Zo mu yi wanka, 'yar lukuta."

Ruwan tafasa yake yi. Ina ganinsa, yana ɓul-ɓul, gefen robar har ya fara lanƙwashewa. Yaya ba ta gani. Farfesa yana tsaye a kanta yana ɗaga waya sama yana neman sabis, shi ma ba ya gani.

Ta ɗaga Kumatu tsirara. Ta fara sauke ta.

Na yi tsalle na zura hannuna tsakanin yarinyar da ruwan.

Har gwiwa ya nutse.

Ban taɓa sanin akwai zafi irin wannan a duniya ba. Da ɗaya hannun na fizge Kumatu na manna ta a ƙirjina, muka faɗi gefe tare. Sai a sannan bakina ya buɗe, na kira sunan Allah da iyakar ƙarfina.

Yaya ta taso za ta mare ni. Sai ta ga hannuna. Sai ta ga robar ta narke ta baje a ƙasa, turiri ya cika ɗakin.

A bayan taga, wata ta ja dogon tsaki.

"Makulli," Yaya ta ce wa Farfesa. "Ɗauko makullin mota."

Karo na farko a rayuwarsa bai yi gardama ba. Muka bar tukunya, muka bar takardunmu, muka bar takalmin Yaya ɗaya a bakin ƙofa. Kukan nan ya bi mu ta cikin itatuwa, dab da gilashin gefen da nake zaune, bai rabu da mu ba sai da muka hau babban titi.

A asibiti Farfesa ya dawo da bakinsa. Ya yi wa likita bayani da Turancinsa mai tsawo cewa na'urar ɗumama ruwa ce ta lalace. Gidan da ko famfon ruwan zafi babu. Ina kwance ana naɗe mini hannu ina jinsa, na tsane shi tsana mai tsanani, kuma ban ɓoye masa ba.

Kumatu ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ni na rasa zangon karatu guda, yatsuna biyu kuma har yau ba sa miƙewa. Ba mu ƙara zuwa hutun ƙarshen mako ko'ina ba, kuma ni da Farfesa ko gaisuwa muka daina.

Shekaru suka wuce, ya gama karatu, ya yi aure a garin da muke. Ban je ba. Da matarsa ta haihu Yaya ta je barka, ni na ce ina da aiki.

Ran nan da magariba wayata ta yi ƙara. Shi ne. Na ɗauka don in ji da wace ya zo.

Babu lacca. Numfashi kawai yake yi.

"'Yar'uwa," ya ce a hankali. "Matata ta haɗa ruwan wankan yaronmu. Ta ce ya yi daidai. Ni ma na taɓa, na ji daidai. Ke kaɗai kike gani. Don Allah."

A bayan muryarsa ina jin wani abu yana ɓul-ɓul.

"Ka ɗauke shi ka riƙe," na ce. "Kada ka sauke shi ko ya yi kuka."

Na kashe wayar, na zage shi son raina, na ɗauki mayafina.